Tef ɗina na Fagge da mitar Faransawa

Ni tela ne, a Fagge na koyi ɗinki tun ina ɗan shekara 13, kuma duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a Kano ya san da inci muke kwana da shi muke tashi. Kafaɗa 18, ƙirji 42, hannu 25, tsawon wando 41, in mutum ya shigo shago tun kafin ya gama sallama idona ya riga ya auna shi, tef ɗin tabbatarwa ce kawai. In ka shiga Kwari kuma yadi ne, yadi biyar na kaftani, goma in da babbar riga, atamfa turmi guda yadi shida. Lita muke sayen fetur da ita, nama kilo, hanya kilomita, tun shekarun 1970 gwamnati ta koma can, amma tela da kafinta da dillalin fili kowa ya riƙe abinsa, har gobe fili hamsin-da-ɗari ne kuma ƙafa ake nufi.

Da na iso Paris abubuwan da nake tsoro daban ne, sanyi da takardu da yaren da ban iya ba, ko a mafarki ban kawo cewa sana'ata ce za ta fara juya min baya ba.

Wani dattijo ɗan Maraɗi da ya daɗe a nan shi ya samo min aiki a wani ƙaramin shagon gyaran kaya a wajajen Château Rouge, unguwar da in ka fito daga jirgin ƙasa za ka rantse Afirka ka sauka, atamfa da shadda da busasshen kifi ko'ina. Aikin ba wani mai wuya ba ne, rage ƙafar wando, matse ƙugu, canza zif, matar da ke da shagon ita ke karɓar kaya ta rubuta abin da za a yi a 'yar takarda ta maƙala da fil. A satina na biyu na ɗauko wani wando na ulu mai ruwan toka, mai tsada ne ko a hannu za ka ji, takardar ta ce a rage 5. Na ciro tef ɗina da na taho da shi daga gida, shekara da shekaru yana wuyana har lambobin farkonsa sun koɗe, na auna biyar na ja alli na sa almakashi, ko ɗar ban ji ba. Santimita biyar take nufi. Ni kuma inci biyar na yanke, wato santimita 12 da ɗigo 7, fiye da ninki biyu. Da mai wandon ya zo ya gwada ya tsaya gaban madubi safarsa duk a waje, bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi, wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. An cire kuɗin wandon a albashina kuma ban ga laifin kowa ba, amma abin da ya hana ni barci a daren nan ba kuɗin ba ne, shekara goma sha bakwai ina riƙe da almakashi ban taɓa ɓata wa mutum kaya haka ba, maigidana na Fagge da ya ji da sai ya yi kwana uku bai min magana ba.

Washegari na sayi salatif baƙi na liƙe gefen inci na tef ɗin tun daga farko har ƙarshe, na bar gefen santimita kaɗai, gefen da a gida ko kallonsa ba ma yi.

To nan fa aka shiga wahala ta biyu, ƙirgan Faransanci. Mutanen da suka ƙirƙiro awon da komai goma-goma ne, su da kansu in ƙirga ya kai 70 sai su bar goma. Saba'in a bakinsu sittin-da-goma ne, 75 sittin-da-sha-biyar, 80 kuma huɗu-ashirin, wato ashirin sau huɗu, 97 huɗu-ashirin-goma-bakwai. Kuma ka duba ikon Allah, ƙugu da ƙirjin yawancin mutane in da santimita ne daidai tsakanin 70 da ɗari suke faɗowa, wato lambobin da na fi bukata kullum su ne mafiya wuya. Tana auna mutum tana faɗa ina rubutawa, ta ce quatre-vingt-dix-sept, hannuna ya rubuta 4 ya rubuta 20 kafin kaina ya gama haɗa lissafin ta wuce zuwa hannu. Akwai wata 'yar Kongo da ke kawo mana aiki, su septante da nonante suke cewa, wato 70 da 90 kai tsaye, kamar 'yan Beljiyam, in ita ke faɗar awo har wani sanyi nake ji a raina. Sai kuma waƙafi, inda muke sa ɗigo su waƙafi suke sawa, 1,5 mita ɗaya da rabi kenan.

Na kai kukana wajen dattijon nan wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ce Baba ni fa kaina ya ɗau zafi, anya zan iya kuwa. Ya ce kai ɗan Kano mi ya yi zahi, mu da muka tashi da dala? Ashe su a Nijar in Bahaushe zai faɗi kuɗi ba ya faɗar abin da ke rubuce a jikinsa, biyar-biyar yake ƙirgawa, sefa 5 ita ce dala, sefa 100 dala ashirin, 500 dala ɗari, 1000 kuma jika. Yaro ƙarami mai tallan goro yana raba kowane farashi da biyar a ka ba tare da ya san wai lissafi yake yi ba. Maganar nan ta tuna min da kakata Allah Ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta sule da fam take cewa, alhali tun 1 ga Janairun 1973 aka kawo naira da kwabo. A kuɗinsu na da kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, sisi shida taro uku, matar da ba ta taɓa shiga aji ba tana sayar da ƙuli tana haɗa sha biyu da ashirin tana ba da canji daidai. Na ce a raina ashe ba kaina ne ya gaza ba, sabo ne kawai, kuma sabo ana yin sabo.

Shi ne kuma ya ce in je in ga mita da idona. A titin Vaugirard lamba 36, daura da majalisar dattawansu, a ƙarƙashin wata baranda, akwai farin dutse a jikin bango an sassaƙa METRE a kai da layi da 'yan tsage-tsage. Bayan juyin juya halinsu, a 1795 aka yi dokar sabon awo, don kafin nan kusan kowane gari da nasa awon, irin yadda mudun wannan kasuwa ba ya zama daidai da na waccan a wajenmu. Suka ce a ɗauko awon daga ƙasa kanta yadda ba na sarkin kowa ba ne, nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya zuwa layin da ya raba ta biyu, arewa da kudu, a raba shi gida miliyan goma, kashi ɗaya shi ne mita, har aka tura masana biyu, Delambre da Méchain, suka shafe shekaru suna auna ƙasa daga Dunkerque zuwa Barcelona. Sai aka kafa irin wannan dutse guda 16 a wuraren da jama'a ke taruwa a Paris don mai sayar da yadi da mai saye kowa ya zo ya gwada sandarsa. Na tsaya a wajen na ɓare salatif ɗin tef ɗina na ɗora a kan dutsen, inci 39 da 'yar ɗoriya, kusan uku bisa takwas. Mutane na wucewa ba wanda ya kula, ni kuwa na daɗe a tsaye, don abin da ya fi taɓa ni shi ne su ma Faransawan ba dare ɗaya suka karɓa ba, sun yi ta turjewa har Napoleon ya sassauta musu a 1812, sai a 1840 aka wajabta wa kowa. Shekara arba'in da biyar kenan, ni kuma ina neman in kashe kaina a kan wata biyu. Har yau ma in ka je kasuwa za ka ji tsohuwa ta ce a ba ta une livre na tumatir, tsohon sunan ne ya rage, rabin kilo take nufi, ƙwai kuma dozin ne. Sun ma taɓa gwada mayar da yini awa goma da mako kwana goma, wannan kam bai kama ba.

Yanzu da na yi shekara huɗu ina aiki da duka biyun, gaskiyar da na gani ita ce kowanne da inda ya fi ƙarfi. Inci na hannu ne. Tela ninkewa yake yi, ƙirji 42 ka ninke tef biyu 21, ka sake ninkewa goma da rabi, rabi, kwata, rabin kwata, duk suna nan a zane a jikin tef ba sai ka taɓa biro ba. Yadi inci 36 ne, ka raba shi biyu ko uku ko huɗu ko shida ko tara ya rabu tsaf, mita kuwa in ka ce za ka raba uku sai ka samu 33,3 da ukun da ba ta ƙarewa. Wannan ina kewarsa, ba zan ɓoye ba.

Amma ranar da aka kawo mana aikin labule guda takwas kowanne mita 2,35 na ga ɗaya gefen. Sau takwas, mita 18,8, ka buga da kuɗin mita ɗaya an gama magana, minti ɗaya bai cika ba. Da a gida ne inci 92 da rabi sau takwas 740, ka raba da 36 ka samu yadi 20 da ragowar inci 20, sannan ka zauna neman kuɗin ragowar, a nan ne ake cutar mutane ko a cuci kai. Kuma milimita ta gyara min hannu, a da in na ce "ɗan ƙara kaɗan" shikenan, yanzu kaɗan ɗin yana da lamba, uku ne ko biyar, kuma wanda zai karɓi aikin daga hannuna ko daga Bamako ya zo ko daga Istanbul zai fahimci abu ɗaya. A shagon da mutum huɗu ke aiki kowa da yarensa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga baya ma na gano shi kansa incin da nake taƙama da shi, tun 1959 da mita ake fassara shi, santimita 2,54 cif, yadi kuma 91,44, ashe shekara da shekaru a ƙarƙashin mita nake aiki ban sani ba. Atamfa ce dai ta ƙi, ko a Château Rouge turmi yadi shida ne, su ce pagne uku, wato zane uku.

In Bahaushe ya kawo min shadda a gida ranar Lahadi zai ɗinka kayan Sallah, da inci nake auna shi, don babbar riga a kaina da inci take zaune kuma ban ga dalilin tashinta ba. Litinin in na koma shago santimita ce, kuma kwanaki na kama kaina na kalli wani mutum yana shigowa zuciyata ta ce ƙugu 88, na auna, 89.

Azumin bara Inna ta ce in aiko mata da leshi yadi biyar. Na hau kasuwar Saint-Pierre da ke gindin tudun Montmartre na zaɓo mai kyau ruwan zuma, a can da mita ake yanka, na ce a ba ni biyar. Da saƙon ya isa ƙanina ya auna mata sai ga kiranta da sassafe, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce kai, mai kantin nan ya yi kuskure, ya ƙara maka kusan rabin yadi, hakkin mutane ne ka san yadda za ka yi ka biya shi. Na ce Inna ki kwantar da hankalinki ba kuskure ba ne, sandarsu ce ta fi tamu tsawo, kowace mita ta ɗara yadi da inci uku da wani abu, biyar ɗin ne suka taru suka ba da inci 17, kuma duk na biya. Ta yi shiru, ta ce ka tabbata ka biya? Na ce wallahi Inna na biya, rasit ɗin ma yana nan. Ta ce to Allah Ya yi albarka, za ta sa a fitar wa 'yar autar yayata ɗankwali da ragowar.