Kirsimetin da na yi a Wusasa

Shekara uku abokina da muka yi karatu tare yana cewa in zo gidansu Kirsimeti, ni kuma ina ta kawo uzuri. Bana dai kunya ta kama ni. Ranar jajibere na shiga mota a tashar Unguwa Uku a Kano, hazo ya rufe hanya har Kwanar Dangora, direba sai laluben titi yake. Na sauka a Kwangila, ɗan acaba ya ƙarasa da ni Wusasa, leɓena duk ya tsage da hunturu.

Ko ruwa ban gama sha ba ya ja ni zuwa tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, wadda aka gina a 1929, lokacin da mishan ɗin su Dakta Walter Miller ya baro cikin birnin Zariya. Ginin ƙasa ne na magina Hausawa, da bakan gizo a rufinsa. In ba don gicciye ba, sai ka rantse zauren wani basarake ne.

Amma abin da ya riƙe ni a garin waƙa ce. Bayan isha'i na ji wani sauti mai zurfi daga tsakar gida, kamar ana buga ƙirjin ƙasa. Ashe mahaifiyar abokina ce da ƙawayenta na zumuntar mata suke gwajin waƙoƙin gobe. Tulu ne na yumɓu a gabanta, tana dukan bakinsa da faifan soso, wata na kaɗa caki. Ɗaya ta ba da baiti, saura su amsa. A haka suka bi labarin tun daga saƙon mala'ika zuwa ga Maryamu, har makiyaya da sakarkarin dabbobi a Baitalami, babu mai riƙe da takarda.

Na ce, "Mama, duk wannan a ka kuke riƙe shi?"

Ta yi dariya. "Ɗana, kakarsu ba ta san bihim ba, amma Linjila tana bakinta. A waƙa ta koya, a waƙa ta ba mu."

Da safe a wurin sujada na ga waƙa iri biyu. Akwai na littafi, waɗanda aka fassaro daga Turanci: kowa ya miƙe, a bi su a natse, wani wurin har karin waƙar ya lanƙwasa kalmar Hausa ta fita ba yadda muke faɗinta ba. Jama'a na girmama su, dattawa ma har lumshe ido suke. Sai da mata suka fito cikin ankonsu, tulu ya ɗauka, sannan ɗakin ya motsa. Guɗa ta tashi ta ko'ina, wani tsoho da ke gefena ya jingine sandarsa ya hau rangaji. Wa'azin bai fi rabin awa ba, kuma a gaskiya ban riƙe komai a cikinsa ba, amma amshin matan nan har yanzu yana kaina.

Da la'asar, bayan shinkafa da naman akuya, na yi sallama. Mama ta rako ni ƙofar gida da ƙullin cincin a leda, muryarta ta dushe sarai. Da hannu ta yi mini nuni in gaida mutanen gida.