Inda na kai a gwajin shafina a burauza daban-daban

Salamu alaikum 'yan'uwa masu koyon gina shafin intanet. Shafin da nake haɗa wa yayata mai sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Wunti, nan Bauchi, ya tsaya da ƙafarsa, yanzu gwaji ya rage.

Ku riƙe wannan da kyau: wanda ya buɗe shafinsa a Chrome da Edge da Opera na kwamfuta ya ga komai lafiya lau, gwaji ɗaya ya yi. Kowace burauza na da injin da ke karanta shafi ya zana shi a allo, kuma injin Blink ne a cikin waɗannan ukun duka, Edge ma a 2020 ya koma kansa. Firefox na da nasa, Gecko, Safari kuma WebKit. A iPhone kuwa, a nan ƙasarmu, ko Chrome ka sauke WebKit ne ke jan ragamar.

Abin da ya fi cin mini lokaci haruffanmu ne masu lanƙwasa. Salon rubutun da na zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai burauza ta aro su daga wani salon. A sunan shagon, ɗ ta fito siririya, ta fi maƙwabtanta tsayi, kamar an yi faci da wani yadi. Na koma salon rubutun da ake kira Noto Sans, suka daidaita. Ku duba alamar ₦ ma, ita ma takan yi haka.

Sai Opera Mini, wadda yawancin kwastomomin Yaya ke amfani da ita don tattalin data. In an sa ta a matakin tsimi mafi tsanani, shafin kan fara bi ta kwamfutocin kamfanin, a matse shi, sannan ya iso waya, kuma ba ta sauke salon rubutu na waje. Alamar WhatsApp da na sa, wadda daga irin wannan salon rubutu na waje take fitowa, sai ta ɓace ɗungurungum, alhali nan ne mai saye zai taɓa ya yi ciniki! Na rubuta a fili: "Yi mana magana ta WhatsApp."

Gobe in sha Allahu zan ari ƙaramar itel ɗin yaron shago in ga yadda hotunan atamfa ke jeruwa a kan ƙaramin allo. Wanda ke da iPhone cikinmu, don Allah ya neme ni mu gwada Safari tare.