Alhamis, saura kwana uku suna

Tun asuba nake gidan Umma. Itacen da aka kawo ɗanye ne, ruwan wankan jego ya ƙi tafasa, sai hayaƙi ya cika tsakar gida, Goggo na ta mita wai 'yan matan yanzu ko wuta ba su iya hurawa ba. Auta kuwa kullum sai an kai ruwa rana kafin ta yarda a taɓa ta da ganyen darbejiya. Kunun kanwa dai ya yi daɗi yau, har ni da ba maijego ba na sha kofi guda na ƙara. Jaririya lafiya lau, barcinta kawai take. Hancin babanta ne sak, Allah ya sa ta tsaya a hancin.

'Yan barka har azahar. Sabulu, turmin atamfa, 'yan kayan sanyi. Ni ce mai rubuta wa ya kawo me.

Bayan la'asar angon ƙarni ya zo da kaji gasassu da lemo. Ya gaida Baba a tsakar gida, ya durƙusa wa Umma, sannan ya shigo ɗakin. Ina ninke kaya a gefe, na so in ba su wuri, Auta ta ce in zauna. Da fara'arta ta tambaye shi: "Yallaɓai, ka faɗa wa su Alhaji sunan kuwa? Mai buga kofunan rabo yana jira."

Ya sosa ƙeya. Ya ce ai an riga an yi mata huɗuba.

"Da wane suna?"

"Hauwa'u."

Ashe tun daren Lahadi a asibiti, lokacin da Auta ba ta san inda kanta yake ba, Alhaji ya karɓi yarinyar ya yi mata kiran salla a kunne, ya tauna dabino ya sa mata a baki, ya raɗa mata sunan Hajiya. Shi kuma gogan yana tsaye bai ce uffan ba, kuma daga ranar har yau bai ga lokacin faɗa wa matarsa ba. Ita kuwa tun ciki na wata bakwai ta tsayar da Afnan. Duk sanda ta yi masa maganar sai ya ce "Allah ya kai mu", ita kuma ta ɗauka amincewa ce. Wanda ya san mazan garin nan ya san "Allah ya kai mu" ba e ba ce.

Ba ta ɗaga murya ba, saboda Baba na waje, amma da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ta ce: "Hauwa'u nawa ce a gidanku? Ga Jidda, ga Kulu, ga Ummi ta gidan yayanka, ga Mami. Duk wanda ya haifi mace sai Hajiya. Ni da na yi wata tara ina amai ba ni da bakin magana?"

Ya ce: "Mahaifiyata ce fa. 'Yar fari ce. Kowa a gidanmu ya yi mata takwara, ni kaɗai zan ƙi? Da wane ido zan kalle ta? Kuma wannan sunan naki, kakata ko furta shi ba za ta iya ba."

"A cikin Alƙur'ani yake. Ka duba Suratur Rahman."

Sai muka ji muryar Baba daga kan tabarma: "Fir'auna ma yana ciki, ba sau ɗaya ba." Wallahi sai da na toshe baki da zanen jaririya. Umma ta ja mayafi ta shige madafa, ita ba ta sa baki a maganar suruki. Baba ya ce su fito. Ya ce shi bai ga aibun Afnan ba, wasa yake. Haƙƙin ɗa ne a kan ubansa ya zaɓa masa suna mai kyau, shi ya sa Annabi (SAW) ya canza wa wasu suna, kamar Barra da ya mayar Zainab. Ya ce raɗin suna na uba ne, wannan ba gardama, amma shawara da uwa ba ta rage wa namiji komai. Ya faɗi haka yana kallon carbinsa, bai kalli kowa ba. Angon ƙarni ya sunkuyar da kai yana "haka ne Baba, haka ne", irin "haka ne" ɗin da ba ta canza komai.

Ni da na ga abin na neman tsawo sai na shiga da nawa sulhun. Na ce ku tsaya, wa zai kira ta Hauwa'u a gidanku? Kai za ka buɗe baki ka ambaci sunan Hajiya a gabanta? Matan yayyenka za su yi? Dole sai an nemi sunan alkunya, shi ya sa kuka cika gida da su Ummi da Mami. To a yanka rago da Hauwa'u, a kira ta Afnan, kowa ya samu. Haka muka gada. Shehu Shagari ai Usman ne sunansa, ya yi shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983 ba wanda ya damu. Marigayi Ɗanmasanin Kano sunansa Yusuf, amma duniya Maitama ta sani. Ina jin kaina ina ta zuba kamar a gaban aji.

Auta ta ce: "Ba shi ne ba, Yaya." Ta ce takardar haihuwa Hauwa'u za a rubuta, katin ɗan ƙasa haka, makaranta haka. Ta ce wannan ma duk mai sauƙi ne. Tun Lahadi take rungume da yarinyar nan cikin dare tana kiranta da sunan da ba nata ba, alhali dangin mijinta kaf sun sani, sun zo barka sun zauna a ɗakin nan sun sha kunu, ba wanda ya gaya mata. A nan ta fashe da kuka. A nan ni ma na yi shiru, don sulhuna bai taɓo wurin ba ko kusa.

Gaskiya ni sunan bai burge ni ba, ban kuma ƙi shi ba. Abin da Auta ba ta sani ba, sunan da take gani na daban ba na daban ba ne. Ta zo ta ga rajistar 'yan ajina: Afnan ba ɗaya ba ba biyu ba, ga su Ilham, Iman, Amal, Nihal, mazan kuma Sultan, Aiman, Hanif. Yayi ne, kuma kowane zamani da nasa. Idan ka ji Murtala mai furfura, yawanci ka lissafa daga 1976, shekarar da aka kashe Janar Murtala. Yaƙin tekun Fasha na 1991 ya bar mana su Saddam, bayan 2001 unguwanni suka cika da Usama, 2015 kuma su Buhari. Nan da shekara arba'in za a yi Hajiya Afnan mai jikoki, wata jikar kuma ta ce Allah ya kiyaye a sa wa 'yarta sunan tsofaffi.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Goggo ce.

Duk hayaniyar nan tana zaune da jaririyar a cinya tana shafa mata man kaɗanya. Da aka yi shiru sai ta ce: "Ku yi ta yi. Ni dai Ladi na sani, ranar Lahadi ta zo." Auta da hawaye a fuska ta ce "Haba Goggo, Ladi kuma?" Shi ma ya yi dariya ya ce ai wannan sunan ƙauye ne. Abu ɗaya kenan da suka yarda da juna a kai yau duka.

Goggo ba ta ji haushi ba. Ta ce ita da aka haife ta, uwarta ta binne 'ya'ya a jere, ana ce mata mai wabi. Shi ne aka kira ta Ajuji, wai ko mutuwa ta ga abin yarwa ne ta wuce ta bar ta. Ta ce ga shi kuwa ta wuce, duk ƙannenta sun tafi ita tana nan. Sunanta na yanka sau biyu aka taɓa faɗarsa a bainar jama'a, ranar suna da ranar ɗaurin aure. Sannan ta ce, tana gyara wa yarinyar hula: "Gidan nan an yi wa kowa takwara. Wanda bai haifa ba ai ba a yi masa." Ta faɗa kamar mai cewa gishiri ya ƙare. Wannan matar ita ta yi wa Umma wankan jegonmu gaba ɗaya, ita ta yi mini nawa, ita take yi wa Auta.

A adaidaita sahu ina dawowa na yi ta lissafo sunayen da muka taso muna ji. Tanko, namijin da ya biyo mata. Delu ko Kande, macen da ta biyo maza. Gambo mai bin tagwaye. Cindo mai yatsa shida, Anaruwa, Tasalla, Azumi, Shekarau da ya daɗe a ciki, Audi da bai tarar da ubansa ba. Kana jin sunan ka san yadda mutum ya shigo duniya da halin da gidansu ke ciki a ranar. A ajina babu ko ɗaya. Ni ma da na haifi nawa ko a mafarki ban kawo su ba, kuma da wani ya kira ɗana Tanko da sai mun ɓata. Ita kanta Auta, sunan da duk muke kiranta da shi irin wannan ne, ba ta taɓa jin ƙauyanci a ciki ba.

Angon ƙarni ya tafi kafin magariba, kajin na nan ba wanda ya taɓa. Umma ta ce a ƙyale su, maijego zuciyarta a kusa take, kafin Lahadi za su shirya. Ina ganin za su shirya ɗin. Ba na ganin za ta manta.

Gobe Juma'a za su je Wudil neman rago. Tela bai gama ankon ba, ya ce Asabar, na san Asabar ɗinsa. Wanzami an yi masa magana. Takardun jarrabawar yara na nan a jaka ban duba ba, kuma an ɗauke wuta.

Mai kofuna ya sake turo saƙo yanzu, wai wane suna zai buga, da safe zai sa a inji. Na kira Auta ba ta ɗauka ba. Na ce ya rubuta "Barka da suna" kawai. Ya ce kuɗin dai ɗaya ne.