Wata Bakwai da Littafin Hannun Jari: Na Ƙara Layin Gero

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Yau wata bakwai cif da na buɗe littafin nan mai shuɗin bango, wanda nake rubuta farashin hannun jari a ciki kowace Juma'a da la'asar, bayan an tashi kasuwar hannun jari ta NGX da ke Legas. Daga ƙauyenmu da ke kusa da Gumel nake yi, kuma sai na hau tudun bayan firamare wayata take kama sabis. Yara har sun sa wa wurin suna ofishina.

Wata huɗun farko ko sisi ban sa ba, a takarda kawai nake saye da sayarwa. Na zaɓi Dangote Cement, BUA Foods, MTN Nigeria da bankin Jaiz, bayan na zauna da Malam a zaure mun tace waɗanda za a kauce wa: masu giya da bankunan da ke cin kuɗin ruwa. Daga baya na ji ashe kasuwar kanta tana da ma'aunin kamfanonin da suka dace da shari'a, Lotus Islamic Index, wanda ya rage mini wahala. A wata na biyar na buɗe asusu wurin dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, aka ba ni lambar CSCS, wato lambar asusun da ake ajiye hannun jarin mutum a ciki, na zuba naira 30,000 daga kuɗin riɗi.

A nan na yi wautar da nake so ku ji. Akwai wani ƙaramin kamfani, ba zan kama suna ba don laifin nawa ne, da na ga yana tashi kashi 10 cikin 100 kullum, kwana uku a jere. Wannan shi ne iyakar abin da ake barin hannun jari ya hau ko ya sauka a yini guda. Zuciya ta ce mini ana rabo babu ni. Ban buɗe rahoton kamfanin ba, ban ma san takamaiman abin da yake sayarwa ba, na kwashi sulusin kuɗina na saya. Mako bai zagayo ba ya juyo ƙasa, da na sa a sayar mini kuwa babu mai taya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Har yanzu yana nan a asusuna, ina kallonsa yana kallona.

Abin da ya ba ni haushi, na san wannan halin tun ina yaro. Duk wanda ya taɓa kai tunkiya Maigatari ranar Alhamis ya san yadda jita-jitar cewa manyan motocin Kudu sun iso take ɗaga farashi kafin a ga ko mota ɗaya, ya kuma san yadda kasuwa ke mutuwa da azahar in ba su zo ba. Masu zuba jari a Legas ma tsoro da kwaɗayi ne ke kaɗa su, tufafi ne kawai suka bambanta. Baffana da ya yi aiki a Kano ya ba ni labarin 2008, lokacin da ma'aunin kasuwar, wato lambar da ke nuna hawa da saukar hannun jari gaba ɗaya, ya haura 66,000 a watan Maris, mutane na cin bashin banki suna sayen hannun jarin banki, sannan ya rikito zuwa wajen 20,000 a 2009. Har yau takardun shaidarsa na cikin akwatin ƙarfe, ba ya son a tayar da zancen.

Sabon abin da na yi a wannan watan shi ne ƙara layi ɗaya a littafin: farashin buhun gero a kasuwar Gumel a wannan makon. Dalili kuwa lissafin 2024 ne ya tsaya mini a rai. Ma'aunin kasuwa ya tsallake 100,000 a Janairu, ya rufe shekara da ƙarin kusan kashi 38 cikin 100, jaridu suka yi ta guɗa. Amma a Disambar wannan shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Cire wannan daga wancan, me ya rage? Ɗan abin sawa a bakin salati. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a Yuni, lambar da aka rubuta da naira ta daina faɗin gaskiya ita kaɗai. MTN Nigeria da girmansa sai da ya bayyana asara a 2023 da 2024, ba don an daina kiran waya ba, sai don faɗuwar naira ta kumbura abin da ake binsa da dala.

Na zaci layin geron zai nuna mini ajiye hatsi ya fi komai, sai ya ƙaryata ni. A 2025 hatsi ya karye, waɗanda suka cika rumbuna da shaguna suna jiran bazara, daga nan har Dawanau, da yawansu sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Manomi na kuka da tsadar taki, mai albashi na hamdala, hannun jari kuwa na ta hawa. Ni da nake manomi kuma ɗan koyon jari, ban san wane ɓangare zan zauna ba.

Yanzu idona na kan Babban Bankin Najeriya. Ya riƙe kuɗin ruwa a kashi 27.5 tun Nuwamba 2024, sai a Satumba 2025 ya sassauta zuwa 27. Fahimtata ita ce, in kuɗin ruwa ya sauka, ribar da ake samu wajen bai wa gwamnati bashi ta ragu, manyan masu kuɗi sukan karkato wajen hannun jari. Zan gani ko littafin zai gaskata ni.

Aikin wata mai zuwa biyu ne. Zan zauna da rahoton wata uku na kamfani ɗaya in karanta shi layi-layi, ko zai ci mini mako. Sannan zan cike fom ɗin da zai sa rabon riba ya riƙa faɗowa asusun banki kai tsaye, bayan an cire harajin kashi 10. Malam kuma ya ce in dawo masa da littafin bayan girbin wake, mu duba yadda zakka take a kan irin wannan dukiyar.