Abubuwan da nake so ku karanta a kan wayar da ke aljihunku

Duk lokacin da aka taso da maganar leƙen asiri ta waya sai ka ji wani ya ce ai ni ba ɗan siyasa ba ne ba kuma ɗan jarida ba, wa zai ɓata lokacinsa a kaina. Maganar nan tana damuna wallahi, don yanzu ba sai wani ya zauna ya sa maka ido ba, tattara bayanan kowa ake yi a ajiye, ranar da aka buƙace ka sai a zaro naka. Shi ya sa nake so ku nemi waɗannan rubuce-rubucen ku karanta, yawanci da Turanci suke amma ko da manhajar fassara ce a lallaɓa.

In guda ɗaya kawai za ka iya karantawa to ka nemi binciken da jaridar New York Times ta fitar a Disambar 2019 kan bayanan wurin da mutum yake. Wani fayil ne ya faɗo hannunsu ɗauke da bayanan wuri sama da biliyan 50 daga wayoyin mutum fiye da miliyan 12 a Amurka, kuma ba daga gwamnati ya fito ba, ba daga kamfanin layin waya ba, daga irin kamfanonin nan ne da ke sayen bayanai a hannun ƙananan manhajoji kamar na duba yanayi da na labarai. Babu sunan kowa a ciki, ɗigo-ɗigo ne kawai a kan taswira. To amma ɗigon da kullum yake kwana a gida ɗaya, da safe ya nufi ofis ɗaya, da yamma ya tsaya a makarantar yara, wannan ai ba ya buƙatar suna. Da haka 'yan jaridar suka riƙa gano mutane ɗaya bayan ɗaya har da wani jami'in da ke cikin masu tsaron shugaban ƙasa. Ka duba taswirorin da suka saka, ka ga yadda ake iya sanin wane asibiti mutum ya je da gidan wa ya kwana, jikinka sai ya yi sanyi.

Na biyun ya fi taɓa ni. A Nuwambar 2020 sashen Motherboard na kafar labarai ta Vice ya ruwaito cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin mutane ke duba lokacin salla da alƙibla da ita, tana tura bayanan wurin masu amfani da ita ga wani kamfani X-Mode, shi kuma cikin masu saye a wurinsa akwai 'yan kwangilar da ke aiki da sojin Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soji bayanai, kuma sun ce sun yanke hulɗa da kamfanin, gaskiya ya kamata a faɗi wannan. Amma dai mutum ya buɗe wuri ne don ya san ina gabas take, bai san bayanin yana wucewa hannu na biyu da na uku ba. Irin haka ta faru da manhajar motsa jiki ta Strava a farkon 2018, taswirar masu gudun motsa jiki ta tona inda sansanonin soji suke a Siriya da Afganistan.

Batun Pegasus kam da yawa kun ji shi, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila. A Yulin 2021 ƙungiyar 'yan jarida ta Forbidden Stories da Amnesty International tare da kafafen labarai 17 suka yi aiki kan jerin lambobin waya sama da 50,000 da ake zargin masu amfani da Pegasus ne suka zaɓe su don leƙen asiri. Ni shawarata ku je shafin Citizen Lab na Jami'ar Toronto, su ne ke bayanin yadda abin ke shiga waya ko ba ka danna komai ba. A 2019 ta kiran WhatsApp ya shiga wayoyi kusan 1,400, ko ka ɗaga ko ba ka ɗaga ba.

Ta fuskar siyasa ku koma rahotannin Maris 2018 kan Cambridge Analytica, kamfanin ba 'yan siyasa shawara da ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook. Abin da mutane ke mantawa shi ne kusan mutum 270,000 ne kawai suka yi amfani da wata manhajar tambayoyi a Facebook, amma ta hanyar jerin abokansu aka kwashi bayanan da suka kai na mutum miliyan 87, wato kai ba ka yi komai ba, abokinka ne ya buɗe ƙofa aka shigo har ɗakinka. Daga baya a 2019 aka ci tarar Facebook dala biliyan 5.

Sai labarin Robert Williams, baƙar fata a yankin Detroit na Amurka, wanda a Janairun 2020 'yan sanda suka kama a ƙofar gidansa a gaban matarsa da 'ya'yansa mata saboda na'urar gane fuska ta ce shi ne ya saci agoguna, ya yi kusan awa 30 a tsare alhali ba shi ba ne. Ku haɗa shi da binciken Joy Buolamwini na 2018 da ya nuna irin waɗannan na'urori suna kuskure wajen gane ko mace ce ko namiji har kusan kashi 35 cikin ɗari a kan mata masu duhun fata, a kan maza farare kuwa bai kai kashi 1 ba. Mu masu baƙar fata wannan namu ne kai tsaye.

In ka gama karatun hankalinka ya tashi, ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet tana da jagorar kare kai kyauta a shafinta, mataki-mataki. Kafin nan ma ka shiga saitin wayarka yanzu, ka buɗe wajen izinin manhajoji, ka ga su wa ka ba damar sanin inda kake a kowane lokaci, tocila da wasan yara da manhajar gyara hoto duk ka cire musu.