Wuƙar Baba tana can cikin durowar wani maƙeri a Zlatoust

Mu gidanmu ƙira muka gada, kakana maƙeri ne Baba ma haka, kuma duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san yadda ake kallon mutum in an ce ɗan maƙera ne, musamman in maganar neman aure ta taso. To karatu ya kawo ni Chelyabinsk a Rasha, sai wani abokin karatuna ya ja ni garinsu Zlatoust can cikin duwatsun Ural, wallahi ranar na kasa rufe baki. Garin kaf ƙarfe ne. Tun 1815 suke da masana'antar takubba, a tsakiyar gari kuma ga mutum-mutumin wani Anosov yana lanƙwasa ruwan takobi da hannuwansa, shi ne ya gano musu yadda ake narka ƙarfen nan mai zane da suke kira bulat. Har yaran makaranta ake kaiwa gidan tarihi su kalli wuƙaƙe!

Kawun abokin nawa yana da ƴar maƙera bayan gidansa, na zauna gefe ina kallo. Ƙarfe iri biyu yake jerawa falle kan falle, ya gasa har su yi jajir, ya daka su haɗe, ya ninka ya sake dakawa, haka dai yake ta yi, in ya gama wasawa sai ya tsoma cikin asid, nan take zane ya fito a jikin wuƙar kamar na shadda. Ƙotar kuma da ɓawon wata farar bishiya tasu yake yi, wai ko a tsananin sanyi ba ta ƙanƙarar da hannu. Kowace wuƙa da takardarta mai nuna cewa ta aikin gida ce ba makami ba. Da na ɗaga masaba na ɗan taya shi, tsayawa ya yi yana kallon hannuna, ya ce wa ya koya maka, na ce Babana, ranar kaina har rawa yake don daɗi.

Shi ya sa da na koma na kai masa wuƙar fiɗa da Baba ya sa min a akwati zan taho. Da sifirin ɗin mota ya ƙera ta, kuben jar fata ne ɗinkin dukawan unguwarmu. Na miƙa masa da hannu biyu. Mutumin nan ya juya ta, ya gwada kaifin a farcensa, sai ya laluba aljihu ya ciro kwandala ta rubul 10 ya ɗora min a tafin hannu, gaban mutane. Abokina ya yi ta min bayani wai al'adarsu ce, ba a karɓar wuƙa kyauta sai an ba da ɗan kuɗi don kada ta yanke zumunci. Na ji na kuma yarda, amma har gobe abin yana min ciwo, don bayan kwandalar durowa ya ja ya jefa ta cikin tarkacen kusoshi, nasa kuwa suna jere a gilashi. Wuƙar da ta feɗe ragunan layya na unguwa guda fa.

Ban faɗa wa Baba ba. Da ma yanzu idonsa ya fara rauni, Umma ta ce da yamma ba ya iya tantance launin ƙarfe a wuta, kuma ai da launin ake sanin lokacin tsomawa. Ƙanena da ya kamata ya riƙe zuga-zugi ya bari ya koma tuƙa a-daidaita-sahu, ba na ganin laifinsa, wuƙaƙen Chana sun cika Kurmi da araha, mutum ya wuni gaban gawayi a zo ana taya masa kamar abin banza. Sallar bana ko rabin na bara Baba bai sayar ba. Na tura ɗan abin da na tara a kai shi asibitin ido, shi kuma ya ƙi, wai gawayi da ƙarfe za a sayo da kuɗin, tun jiya Umma take kirana in yi masa magana.