Kalmar da ke bin "can" da "must": inda Ingilishinmu ke tuntuɓe

Tara ne kacal: can, could, may, might, must, shall, should, will, would. Mushen Ingilishi kan kira su modal, wato ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin aikatau su nuna iyawa, yiwuwa, dole ko niyya. Yaro na iya haddace su kafin a tashi daga aji, amma mu da muka riga ku zama kan bencin lakwal a nan Damagaram, a kansu muka fi zubar da maki, wasunmu har bayan bak. Dalilin kuwa hanyar da tunaninmu ke bi ce: ya taso da Hausa, ya ratsa ta Faransanci, sannan ya sauka cikin Ingilishi, kuma duk inda ya bi sai ya kwaso ƙura. Ƙannena masu shirin BEPC da na bak, ga wuraren da ƙurar ke maƙalewa.

Aikatau ɗin da ke bin modal tsirara yake zuwa. Babu "to" a gabansa, babu "s" ko "ed" ko "ing" a wutsiyarsa. Mun saba da "je peux partir", mun duba ƙamus ya ce "partir" shi ne "to leave", sai muka riƙa rubuta "I can to leave". Daidai shi ne "I can leave". Haka "She can sew": "s" ɗin nan da aka gargaɗe ku kada ku manta da shi bayan "he" da "she", a nan ba shi da masauki, ko a jikin "can" ko a jikin "sew". "He could came" ma kuskure ne, don "could" ya riga ya ɗauki nauyin lokacin, "come" ya rage yadda yake.

Masu rikita mutum su ne maƙwabtansu da ke tafe da "to": ought to, have to, need to, be able to. A "I would like to go" ma, "to" ɗin na "like" ne, "would" bai san da shi ba. "Have to" kuwa aikatau ne kamar kowane, yana ɗaukar "s" yana kuma neman "do": "He has to pay", "Does he have to pay?" Su taran nan ba sa neman "do" ko kaɗan. Juya su ake yi, "Can you drive?", a korewa kuma a manna musu "not". A kula "cannot" a haɗe ake rubuta shi, "will not" kuma idan an taƙaita shi "won't" yake komawa.

Modal biyu ba sa zama wuri guda. Wannan kam Hausarmu ce ke ja mana: "zai iya zuwa" ya haɗa "za" da "iya", Faransanci ya dunƙule su cikin "il pourra venir", sai hannu ya rubuta "He will can come". Na biyun ake canza wa riga: "He will be able to come", "You will have to pay". Masu fatauci zuwa Daura da Kano ta hanyar Matamaye za su riƙa jin "I can be able to" a bakin mutane. A kasuwa za a fahimce ka, amma maimai ne, mai gyaran takarda jan biro zai ja a ƙarƙashinsa.

Abin da ya fi cancantar a zauna a kansa shi ne jerin da ke biyo baya, don a cikinsa lokaci yake ɓuya. Tsarin ba ya sauyawa: modal, sai "have", sai "be", sai ainihin aikatau, kuma kowace kalma ita ke yanke wa ta bayanta kama. "Have" na neman layi na uku na jadawalin nan da aka sa ku haddacewa, wato "gone" a cikin go, went, gone. "Be" na neman "ing" idan aikin yana gudana, ko layi na uku idan a kan abin aka yi aikin. Don haka "He may be sleeping", wataƙila barci yake. "He must have forgotten", lalle ya manta. "He must have been sleeping", lalle barci yake yi a lokacin. Wanda ya rubuta "should have went" layi na biyu ya ɗauko a wurin na uku. Mu da yawa layi na biyun muka fi riƙewa, shi ya sa ya fi saurin zuwa hannu.

Hausa na da ɗan ƙaramin "a" da ke ɓoye mai aiki: "dole a auna geron". Ingilishi ba shi da shi, sai ya kira "be": "The millet must be weighed". Idan "be" ya faɗi aka rubuta "The form must sign", takardar aka ce ta ɗauki biro ta sa hannu da kanta. "The form must be signed" ake so. Idan kuma abin ya wuce ba a yi ba, "It should have been signed", kalma huɗu a jere, kowace a mazauninta.

"Must" ba shi da sigar jiya, kuma a nan Faransanci ya fi cutar da mu. "Il a dû partir" magana biyu ce cikin riga ɗaya. Ko dai dole ce ta sa shi tafiya, wannan "He had to leave". Ko kuma kai ne ke hasashe, ka duba ƙofar zaure ba ka ga takalmansa ba, ka ce lalle ya tafi, wannan "He must have left". Kishiyar hasashen ba "mustn't" ba ce, "He can't have left" ake cewa, ai ga babur ɗinsa nan a jingine. Haka "j'ai pu": idan abu ɗaya ne aka samu aka yi sau ɗaya, kamar samun mota a tasha jiya, "I was able to get a car" ko "I managed to get a car" ya fi zama daram. "Could" na iyawar da mutum ke da ita a da ne, "I could swim when I was ten". A korewa dai "couldn't" na aiki a duka biyun.

"You should have come" na nufin ba ka zo ba. Maganar da-na-sani ce, ƙeya, a baya take. "Da na sani da na zo" shi ne "If I had known, I would have come". Hausa ta maimaita "da" sau biyu, shi ya sa hannu ke son maimaita "would" sau biyu, alhali ɓangaren "if" ba ya karɓarsa a nan. "Will" ma ba ya shiga bayan "when" mai nuna lokaci: "quand il viendra" ya zama "when he comes". A wannan gaɓar gara a bi Hausa, "idan ya zo", da a bi Faransanci.

Wanda na fi jin tsoro, don yana juya ma'ana gaba ɗaya: "must" da "have to" kusan ɗaya suke, amma korewarsu hannun riga ce. "You mustn't pay" hani ne, kada ka biya. "You don't have to pay" sassauci ne, ba dole ba ne. Baƙo ya tambaye ka ko ya cire takalmi kafin ya shiga, kai kana nufin ba sai ya cire ba, ka ce "you mustn't", to ka hana shi ke nan.

Kunne ma sai an hore shi. Ba a furta "l" a could, should, would. "Should have" a bakin masu harshen yana narkewa ya zama "should've", har wasu cikinsu kan rubuta "should of" bisa kuskure, kada a kwaikwaye su. "Can" a tsakiyar magana gajere ne, ba a danna shi, "can't" kuwa ana danna shi, kuma sau da yawa wannan dannawar ce ke bambanta su fiye da "t" ɗin da ba ka ji ba.

Ranar jarrabawa a ware minti biyar na ƙarshe. A ja layi da fensir ƙarƙashin kowane modal, a ɗora yatsa kan kalmar da ke biye da shi: tsirara take? Idan "have" ce, a matsa gaba a nemi layi na uku. Idan "be" ce, a tambaya wa ke aikin, mutumin ko takardar.